Babi na Tara: Baƙuwar da Ba Raɓa Ba

Ƙarfe biyu na dare ne a bakin wani tafki a kudancin Ingila, cikin watan Yuli. Mai fatsa yana kwance a ɗan tantinsa, sandunansa uku suna jere a bakin ruwa, kowace da 'yar na'urar da ke kuka idan kifi ya ja zare. Kwanansa biyu a wurin. Ya biya kuɗin shiga, ya zuba abincin kifi na kuɗi masu kauri a gurbi guda, kuma kifi ɗaya tak ya fito nema: wani tsohon kifi, irin wanda ake kira kaf, da duk masu zuwa tafkin suka san sunansa da nauyinsa, har da tabon da ke kusa da wutsiyarsa.

Can sai na'ura ta tsala kuka. Ya fito ko takalmi babu, ya ɗaga sanda, sanda ta lanƙwashe kamar baka. Tun a minti na farko jikinsa ya ba shi. Kaf gudu yake yi, ya yanki ruwa, ya juyo. Wannan kuwa ya lafe a ƙasa, yana ja a hankali kamar an ɗaura wa zaren buhun siminti, jefi-jefi ana jin dukan wutsiya. Kafin a jima ya bi ta kan sauran zaruruwan biyu ya cukurkuɗe su. Sai da aka kusa cinye sa'a guda fitilar goshi ta haska abin: faffaɗan kai, baki kamar ƙwarya, dogayen gashin baki biyu suna lilo, jiki sumul babu ɓawo ko ɗaya. Tarwada ce, tsawonta ya kai na mutum. Komar da ya tanada ta yi mata kaɗan. Ya sa safar hannu ya riƙe ta ta leɓen ƙasa, ya jawo ta kan tabarmar soso, ya zare ƙugiya, ya mayar da ita ruwa. Ta bar masa yauƙi a riga da tabarma, ta kuma bar masa gurbin da babu kaf ɗin da zai sake leƙowa sai gari ya waye.

Da safe ya je ya sami mai tafki, ya ce sai an kwashe su. Maƙwabcinsa na tanti kuwa, wanda ya tuƙo mota daga wani gari mai nisa domin irin wannan kifin, cizon yatsa yake yi da ba ƙugiyarsa ta haɗiya ba. Dukansu biyu sun biya kuɗi, dukansu kuma mai tafki yana son su dawo. Gardamar da ta daɗe tana raba kan masu fatsa a Ingila ke nan.

Mai gidan ma baƙo ne

Kafin a yanke wa tarwada hukuncin baƙunci, ya kamata a tuna cewa shi kansa kaf zuwa ya yi. Asalinsa kogin Danube ne da sauran kogunan da ke gangarawa Bahar Aswad da tekun Kasfiya. Shekaru ɗaruruwa da suka wuce aka kai shi Ingila don a yi kiwonsa a ci. Mu ma an kawo mana shi gonar kifi ta Panyam da ke Filato a shekarun 1950, sai dai bai taɓa ƙwace wa tarwada da karfasa kasuwa ba.

Turawan Ingila sun daina cin kaf, suka mayar da shi abin tinƙaho. A 1934 an zuba ƙananan kaf hamsin a Redmire, wani ɗan tafki mai faɗin kamar eka uku a yankin Herefordshire, don su rage ciyawar ruwa. A 1952 Richard Walker ya kama ɗaya daga cikinsu mai nauyin laba 44, wato kilo 20, aka kai shi gidan namun daji na Landan da ransa. Daga nan harkar ta bunƙasa har ta zama sana'ar da ke ci da dubban mutane. Kifin da aka kama a auna shi, a ɗauki hoto, a shafa magani a inda ƙugiya ta huda, a sake shi. Manyan cikinsu har suna ake raɗa musu. Lokacin da wata kaf mai suna Benson ta mutu a 2009 a wani tafki kusa da Peterborough, bayan an kama ta sau 63, manyan jaridun ƙasar sun ba da labarin rasuwarta.

Saboda haka kaf a irin wannan tafki jari ne, kamar bajimin sa a garke. Yawancin tafkunan kuwa kududdufai ne, ramukan da aka haƙi tsakuwa ko yumɓu aka bari, ruwan ƙasa ya tsattsafo ya cika su. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wace ce baƙuwar?

Jamusawa suna kiranta wels, haka ma Turawan Ingila. 'Yar uwar tarwadarmu ce ta nesa. Gashin bakinta shida ne, biyu dogaye a sama, huɗu gajeru a haɓa. Idanunta 'yan mitsi-mitsi ne, don da ɗanɗano da jin motsin ruwa take farauta, galibi da dare. Haƙoranta ƙanana ne birjik kamar magogi, ba ta yanka nama da su. Baki take wangalewa ta zuƙe abinci da ruwan da ke kewaye da shi. Inda ta bambanta da tamu shi ne ba ta da gaɓar shaƙar iska a sarari, ba ta rayuwa a taɓo idan ruwa ya janye. Sai kuma girma. A 2023 wani mai fatsa a kogin Po na Italiya, Alessandro Biancardi, ya kama wadda tsawonta ya kai santimita 285. Tana kuma yin shekaru da dama a duniya, fiye da yadda yawancin masu tafki suke yi suna riƙe da tafkinsu.

A 1880 basaraken Bedford ya sa aka zuba wasu a tafkunan gidansa na Woburn. Daga can aka riƙa ɗiba ana kaiwa ruwayen maƙwabta, irin su Claydon. Kusan shekara ɗari tana zaune shiru, don sanyin Ingila ba ya barinta ta yi saurin girma ko ta hayayyafa sosai. A shekarun 1980 ne masu sha'awarta suka yawaita har suka kafa ƙungiyar kare ta. A 1997 an kama mai laba 62, kilo 28, a tafkin Withy da ke Bedfordshire. Daga nan sai aka fara ganin ƙatti waɗanda kowa ya san ba ruwan Ingila ne ya raine su ba: fasa-ƙwaurinsu ake yi daga Turai a bayan mota, a zuba a tafki, gobe a kama a ce an kafa tarihi. Abin ya kai kwamitin da ke riƙe da kundin manyan kifaye ya rufe shafin tarwada a 2000, bai sake buɗe shi ba sai bayan fiye da shekara ashirin. A 2024 an kama mai laba 143, kusan kilo 65, a wani tafki a Essex.

Shin tana cin kaf?

Wannan ce tuhumar da aka fi yi mata. Duk lokacin da wani sanannen kaf ya daina fitowa, ita ake nuna wa yatsa. A 2009 masanin kifi Gordon Copp da abokan aikinsa sun tattara abin da aka rubuta a kan wannan kifi a ƙasashe daban-daban, hoton da ya fito kuwa na mai cin abin da ya sawwaƙa ne. Tana cin ƙananan kifaye, da kwaɗi, da mushe, wani lokaci da 'yan tsakin agwagwar ruwa. Tana cin wani ƙwaron ruwa mai kama da jatan lande ɗan asalin Amurka da aka shigo da shi a shekarun 1970, wanda shi ma ya addabi masu fatsa da satar abin da suka sa wa ƙugiya. A tafkin da ake zuba abinci kullum kuwa, me zai sa ta wahalar da kanta? Masu neman kaf suna watsa 'yan curin da aka kwaɓa da gari da ƙwai aka dafa, da ƙwayoyin abincin kifi na kamfani masu maiƙo da ƙarni, bokiti bayan bokiti. Tarwada ta zo ta tarar da akushi a buɗe.

Babban kaf mai kilo goma sha biyar, mai faɗin jiki, ya fi ƙarfin bakin yawancin tarwadar da ke tafkunan Ingila. Abin da ya fi kashe irinsa shi ne cuta, da ƙarancin iska a ruwa lokacin zafi, da tsufa, da karen ruwa, wanda ya sake yaɗuwa a duk faɗin ƙasar har masu tafki suna kashe maƙudan kuɗi wajen kewaye ruwansu da waya. Sau da yawa kura ce da shan bugu. Amma ƙaramin kaf ɗan shekara biyu da aka sayo aka zuba jiya, wanda bai san maɓoya ba, lomar ƙatuwar tarwada ce. Wanda ya zuba irinsa a tafkin da ke da manyan tarwada, kuɗinsa ya ciyar da su.

Ɓarnar gaske a hankali take shigowa. Ta farko, rabon abinci. Abin da tarwada ta share a gurbi, kaf bai samu ba, mai fatsa kuma ya kwana yana kokawa da kifin da bai zo nema ba. Ta biyu, nauyi. Tafki kamar makiyaya yake, akwai iyakar abin da zai iya ɗauka. A ce an zuba tarwada goma masu kilo bibbiyu, kilo ashirin ke nan, ba a ko lura da su. Ranar da kowace ta kai kilo talatin, an ƙara wa tafkin kilo ɗari uku na kifi mai ci, mai kashi, mai shaƙar iskar da ke cikin ruwa. A daren zafi marar iska, lokacin da tsirran ruwa suka daina fitar da iska suka koma sha, wannan ƙarin ne zai iya sa a wayi gari a ga kifaye suna haki a saman ruwa.

Ta uku ita ce babba: haihuwa. Idan ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 18 zuwa 22, namiji yakan share gurbi a cikin saiwoyin bishiya a gefen ruwa, mace ta zuba ƙwai, shi kuma ya tsaya gadi yana fifita su da wutsiya har su ƙyanƙyashe. Mace tana yin ƙwai kusan 30,000 a kan kowane kilo na nauyinta. Mai kilo goma ke nan tana da 300,000. Ko ɗaya cikin dubu goma ne ya rayu, an sami sababbin bakuna talatin daga uwa guda a shekara guda. A da, sanyin ƙasar ne ke yi wa masu tafki wannan aikin, shekaru su wuce ƙwai bai yi albarka ba. Yanzu zafi yana ƙaruwa, har a watan Yulin 2022 ma'aunin zafi ya haura digiri 40 a Ingila, karo na farko tun da aka fara rubutawa. Tafkin da aka zuba wa tarwada biyar don ado zai iya cika da ƙanana masu kilo ɗaya ko biyu, suna faɗa wa kowace ƙugiya. Masu kiwon tarwada a Kano ko Ibadan, da suke tsame waɗanda suka yi wa 'yan uwansu zarra kafin su cinye su, sun san cewa wannan dangi ba a barinsa babu lissafi.

Inda aka zauna lafiya da ita

A kudancin ƙasar Cek, a kewayen garin Třeboň, akwai tafkunan kiwon kaf da aka gina tun ƙarni na 16. Mafi girmansu, Rožmberk, Jakub Krčín ne ya gina shi. Masu kiwon kaf a wannan yanki na Turai da gangan suke zuba 'yan tarwada kaɗan a cikin garken kaf, su zama kamar 'yan doka, suna rage ƙananan kifayen da ke cinye abincin kaf da waɗanda suka raunana. Ba a jin su suna kuka da ita.

Sirrin yana ga ƙofar ruwa. Tafkunansu ginannu ne, da madatsa da magudana. Idan kaka ta yi sai a buɗe, ruwa ya yi kwanaki yana janyewa, kifaye su taru a kwari guda. Masunta su shiga da taru cikin sanyin asuba, taɓo har gwiwa, su jawo, a zuba a manyan baho, a ware kowane iri, a auna, a rubuta. Tarwadar da ta yi girma ta tafi kasuwa. Babu wadda za ta ɓuya ta shekara ashirin ba a san da ita ba.

Kududdufin tsakuwa ba shi da wannan ƙofa. Ruwan ƙasa ne ke ciyar da shi, kana zuƙewa yana dawowa. Ƙasansa tudu da kwari ne, ga kututture, ga saiwoyi. A ja taru, tarwada ta kwanta a rami, igiyar ƙasa ta wuce ta kanta. Na'urar da ke sumar da kifi da lantarki a ruwa marar zurfi take aiki. Sai dai a bi ta da ƙugiya da tarko ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ranar da mutum zai rantse ya kama ta ƙarshe. Aikin zubawa minti biyar ne da bokiti. Aikin kwashewa yana iya fin ƙarfin mai tafki har ya sayar da wurin.

Idan ta tsallake zuwa kogi kuwa, magana ta ƙare. A 1974 wani Bajamushe ya saki 'yan ƙanana a yankin Mequinenza na kogin Ebro a Sifen. Yau garin ya shahara da masu zuwa kamun ƙattin tarwada daga ko'ina a Turai, amma kifayen asali na wannan yanki sun ja baya ƙwarai, hukuma kuma ta sa ta cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna. A garin Albi na Faransa, a kogin Tarn, masu bincike ƙarƙashin Julien Cucherousset sun ba da rahoto a 2012 cewa tarwada ta koyi fitowa rabin jiki a kan tsakuwar gaɓa ta cafke tantabarar da ta zo shan ruwa. A kogin Garonne an same ta tana tare kifin salmon a mashigin da aka gina masa a jikin madatsa. Mu da muka san abin da giwan ruwa ya yi wa ƙananan kifayen tafkin Victoria bayan an zuba shi a shekarun 1950, ba ma bukatar dogon bayani. A Ingila ma an riga an kama ta a kogunan Thames da Trent.

Yadda ya kamata a yi

Dokar Ingila ta fara da wannan tsoron. Tun 2015, duk mai son ajiye ko zuba irin wannan kifi sai ya sami izini daga Hukumar Kula da Muhalli a kan wannan ruwan takamaimai, mai kawo kifin ma sai da nasa izinin. Ruwan da ake amince wa shi ne rufaffe, wanda tarwada ba ta da hanyar fita daga cikinsa. Mai hankali zai ƙara wa kansa tambaya: a shekarar da ambaliya ta fi kowace muni, ina ruwan tafkina ya bi? In ya taɓa haɗuwa da rafi ko sau ɗaya, a haƙura.

Doka ta tsare kogi. Tsare tafkin kansa aikin mai shi ne, kuma tun kafin a sayo kifi yake farawa. Ya fara yanke shawarar ko tafkin na wane ne. Wanda mutane ke biya don tsofaffin kaf masu suna, a bar shi da kaf ɗinsa. Mai tafki biyu ko uku ya ware wa tarwada guda, zai fi kyau ƙarami wanda za a iya zuƙe ruwansa, masu sonta su je can, kowa ya kwana lafiya.

In kuwa lallai sai an haɗa, to, kaɗan. A yi lissafi da nauyin da za su kai nan da shekara goma sha biyar, kada a ruɗu da ƙanƙantarsu a ranar zubawa. A sa wa kowace 'yar alamar lantarki a ƙarƙashin fata, irin wadda ake sa wa karnuka da dawaki, a buɗe littafi: lambarta, nauyinta, ranar da aka kama ta. Tunda ana iya bambanta mace da namiji idan sun balaga, zuba jinsi ɗaya yana rage fargabar haihuwa, ko da yake kuskure ɗaya ya isa ya rushe shirin. Saboda haka duk ranar da aka kama ƙarama marar alama, ƙararrawa ce. A tsame ta, a miƙa ta ga wani ruwan da ke da izini ta hannun mai lasisi. Jefa ta a kogi ko a tafkin maƙwabci da dare laifi ne, kuma ta wannan hanya ce ta shiga ruwaye da yawa da masu su ba su taɓa gayyatarta ba.

Sabon kaf da za a ƙara ya kasance ya wuce loma. A bar ƙananan kifaye su wadata, a tanadi injin kaɗa ruwa saboda dararen zafi. Kifi kuma daga amintaccen mai kiwo za a saye shi, da shaidar lafiya, domin kifin fasa-ƙwauri da ruwan da aka ɗauko shi a ciki suna iya zuwa da cuta. Akwai wata cutar kaf mai suna KHV, wadda doka ta wajabta a kai rahotonta, tana tashi idan ruwa ya yi ɗumi, tana kuma iya kashe garke mai yawa cikin 'yan makonni. Arhar tarwada guda ba ta kai wannan asarar ba.

Ita ma tarwadar tana da haƙƙi. Wanda ya ajiye ta ya wajabta wa masu fatsa zare mai ƙarfi, da babbar koma, da doguwar tabarma, don kada ta tsinke da ƙugiya a baki ko fatarta marar ɓawo ta goge a kan tsakuwa. Ya bar mata inuwa da maɓoya a wani sashe na tafkin, inda za ta wuni ba ta takura wa kowa ba.

Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, hantsi ya yi ya tafi. Waɗanda basaraken Bedford ya saukar a 1880, shi ya tafi, 'ya'yansa sun tafi, zuriyarsu tana nan a ruwa. Saboda haka idan mai fatsan nan ya zo da safe, riga duk yauƙi, ido ja saboda rashin barci, yana cewa a kwashe su, tambaya ɗaya ce za ta nuna irin mai tafkin da yake magana da shi: su nawa ne a ciki? Wani zai jawo littafi ya buɗe, ya ce bakwai ne, wadda ta hana ka barci ita ce ta huɗu, bara kilo kaza ta yi. Wani kuwa zai dubi ruwan ya yi shiru. Wannan na biyun, takardar tafkin ce kawai ta rage a hannunsa.